Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Wanda Ya Iya Jirgin Kwamfuta Ya Iya Tuƙi?

A farkon shekarar 2023 kamfanin YouGov mai jin ra'ayin jama'a ya jefa wa Amurkawa wata tambaya: a ce kana cikin jirgin fasinja, matuƙa duka biyu suka sume, jami'in hasumiya yana gaya maka abin da za ka yi ta rediyo, za ka iya sauke jirgin lafiya? Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce zai iya. A cikin maza kuwa sai da adadin ya doshi rabi. Matuƙan gaske sun yi dariyarsu sun gaji, amma musun bai mutu ba, domin akwai masu iza masa wuta kullum: matasan da ke raba dare gaban kwamfuta suna tuƙa Boeing 737 ko Airbus A320 daga ɗakin kwanansu. Ba Turai da Amurka kaɗai ke da su ba. Duk inda wuta da data suka samu za ka tarar da su, har Kano da Kaduna da Yamai, mai hali a kwamfuta da sandar tuƙi, marar hali a waya da manhaja irin Infinite Flight.

Masu magana a kan lamarin sun kasu gida biyu. Gidan farko, inda akasarin iyaye da wasu tsofaffin matuƙa suke, cewa suke wannan dokin kara ne na zamani: yaro ya hau ya yi ta sukuwa ya ta da ƙura, alhali ko zaure bai wuce ba. Gida na biyu na masu abin ne, waɗanda wasunsu ke rantsuwa cewa in aka danƙa musu jirgin alhazai yau za su kai shi Jidda su dawo. Ni ba na gida ko ɗaya, kuma ba don neman a zauna lafiya ba. Ra'ayina shi ne abin karatu ne na gaske, ya fi ƙarfin a kira shi wasa, amma karatun ƙwaƙwalwa ne kawai. Bai taɓa jiki ba, bai taɓa zuciya ba, kuma da waɗannan biyun ake sauke mutum 180 lafiya ranar da al'amura suka rikice. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai dai wanda ya hango ta ya fi wanda ya ba ta baya kusa da ƙofa.

Bari in fara da masu raina abin, don hujjarsu ce ta fi saurin faɗuwa.

Koyon tuƙi a ƙasa ba yau aka fara ba, kuma ba 'yan wasa suka ƙago shi ba. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa wani akwati mai juyawa, ya yi amfani da zugazugan da ya samo a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan Amurka fiye da dubu 500 suka koyi tuƙi da kallon agogunan jirgi a cikin wannan akwati. Yau manyan kamfanonin jirage suna da na'urorin kwaikwayo masu tsayawa kan ƙafafun ƙarfe shida, suna karkata suna girgiza, kowace na cin miliyoyin daloli. Sun kai matsayin da hukumomi ke amincewa gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinsu gaba ɗaya, ranar da zai fara taɓa na gasken da fasinja a bayansa. Duk bayan kimanin wata shida kuma sai ya koma, a kashe masa inji, a cinna masa gobara, a ga yadda zai yi. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ma ta sayi irin wannan na'ura ta Boeing 737 don a rage kwasar daloli zuwa waje. To, in manya sun yarda ana koyon jirgi ba tare da an bar ƙasa ba, da wane baki za a ce na gida bai koyar da komai?

Na gidan ma ba ƙaramin yaro ba ne. Microsoft Flight Simulator ya fito tun 1982, ya girmi Windows kanta. X-Plane, wanda Austin Meyer ya fitar a 1995, lissafa ƙarfin iska yake yi a kan kowane yanki na fiffike, ba zane kawai yake motsawa ba. Kamfanin Lockheed Martin, mai ƙera jiragen yaƙi, ya ɗauki fasahar Microsoft ya gina Prepar3D a kanta a 2010, don horo ba don nishaɗi ba. Wanda Microsoft ya fitar a 2020 kuwa, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa, duniya ce sukutum daga hotunan tauraron ɗan'adam, da yanayin sama na wannan sa'ar.

Duk wanda ke cewa wasa ne, ya zauna kusa da yaron da ya ɗauki abin da gaske ya ga yadda ake ta da jirgi daga barci. Sai ya kunna batir, ya ta da ƙaramin injin da ke wutsiya, ya jira mintoci na'urar gane wuri ta daidaita. Sai ya shigar da hanya a kwamfutar jirgi, tasha bayan tasha, ya lissafa nauyin fasinja da kaya da mai, ya fitar da saurin da in an wuce shi a kan titi babu fasa tashi ko da inji ɗaya ya mutu. A sama, ya san ana buƙatar kimanin mil uku ga kowace ƙafa dubu da za a sauko, saboda haka wanda ke ƙafa dubu 35 tun yana nesa da fiye da mil ɗari zai fara gangarowa. Ya san siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titi tana saukowa ne a kan digiri uku. Wannan lissafi ne, labarin ƙasa ne, kimiyyar iska ce. A wace makarantar sakandare tamu ake samun yaro ya karanta littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka ba tare da malami ya ɗaga bulala ba?

Akwai kuma magana a rediyo, wadda ita ce ke ɗaure wa sababbin ɗalibai harshe. Tun 2001 akwai VATSIM, inda 'yan sa kai ke zama a matsayin jami'an hasumiya suna ba da umarni da murya, da kalmomi da ƙa'idojin da ake amfani da su a filayen gaske. Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan ƙasa da ƙasa da jami'an hasumiya wani mataki na iya Ingilishi. Yaron Damagaram da ya tashi da Faransanci, ko na Gusau da Turancinsa na littafi ne, ina zai samu inda zai goge bakinsa kyauta in ba nan ba?

Sojoji ma sun gane haka da wuri. A ƙarshen shekarun 1990 wani ɗalibin tuƙi na rundunar sojin ruwan Amurka, Herb Lacy, ya riƙa bitar darussansa a Microsoft Flight Simulator, ya yi fice a horo har rundunar ta fara raba wa ɗalibai manhajar. Hukumar jiragen sama ta Amurka kuma tana ƙirga awa 10 zuwa 20 da ɗalibi ya yi a ƙananan na'urorin da ta tantance cikin awannin koyon tuƙi da agogo. A lura, waɗanda ta tantance, kuma da malami a gefe. Kwamfutar ɗakinka ko minti ɗaya ba ya shiga littafin awanninka.

A nan ne zan juya ga 'yan gida na biyu, kuma a nan zan daɗe, domin kuskurensu ya fi haɗari.

Abu na farko da kujerar ɗaki ba ta da shi, jiki. A cikin kunnen kowane mutum akwai wasu ƙananan gaɓoɓi masu gaya masa ina ne sama ina ne ƙasa. A jirgi, cikin duhu ko gajimare, ƙarya suke yi. In jirgi ya ƙara gudu da ƙarfi, sai jiki ya ji kamar hancinsa ya ɗaga sama, hannu ya tura sanda gaba ba tare da ya yi shawara da ƙwaƙwalwa ba. A watan Agustan 2000 jirgin Gulf Air samfurin A320 da ya taso daga Alƙahira ya fasa sauka a Bahrain da dare, ya faɗa teku da mutum 143, kuma masu bincike sun sanya wannan ruɗin jiki cikin dalilai. Matuƙan sun san darasin a takarda. Sanin darasi daban, ƙaryata jikinka alhali yana yi maka ihu daban. Mai kwamfuta bai taɓa fuskantar wannan jarrabawa ba, domin kujerarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Yana gaskata agogo ne don babu mai musanta masa.

Na biyu, kuma a ganina shi ne uwar matsalar: a kwamfuta kuskure ba shi da farashi. Akwai maɓallin dakatarwa. Akwai na sake farawa. Ka dagargaza jirgi a bakin titi, ka je ka sha ruwa ka dawo ka sake. Wannan ne ya sa na'urar ta zama malamar kirki, domin maimaici shi ne karatu, kuma shi ne ya sa ta zama mai lalata tarbiyya, domin tana saba wa mutum da kutsawa. Ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce in jirgi ya sauko ƙafa dubu, ko ɗari biyar in gari ya yi garau, bai daidaita a sauri da hanya ba, a fasa sauka a zagayo. Mutum nawa ne cikin masu tuƙin ɗaki ke fasawa bayan sun shafe awa biyu suna jiran wannan saukar? Mafi yawa cusawa suke yi, jirgi ya daki ƙasa ya yi tsalle, su ce ai an sauka. Hannun da ya saba da haka, wa zai ba shi amanar rayuka?

Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da shawarar tashi ko fasawa ke nufi. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zai nufi Sakkwato, ya faɗi jim kaɗan bayan barin titi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙan su. Rahoton bincike ya ɗora abin a kan tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan da suka dace lokacin da iska ta juya wa jirgin. Babban aikin kyaftin wani lokaci shi ne ya ce ba za a tafi ba, alhali fasinja na guna-guni, kamfani na ƙirga asara, wani babba a kujerar gaba yana duba agogo. Wace manhaja ce ke koya wannan? In hazon hunturu ya rufe filin jirgin Malam Aminu Kano, matuƙin gaske jira yake yi ko ya karkata Abuja da ragowar mansa. Matuƙin ɗaki kuwa danna maɓalli yake yi gari ya washe.

Sai bazata. A gida kai ne ke zaɓar lalacewar da za ta same ka, ka san inji zai mutu tun kafin ya mutu. A Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injuna biyu na jirgin US Airways bayan ya tashi daga New York, kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 suka tsira. Da masu bincike suka maimaita abin a na'urar kwaikwayo, matuƙan da suka juya nan take zuwa filin jirgi, fiye da rabin gwaje-gwajensu sun isa lafiya. Da aka ce a jira daƙiƙa 35, wato lokacin da ɗan'adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba. Wannan fa a na'urar miliyoyin daloli, da ƙwararru a ciki. Daƙiƙa 35 ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin wanda ya san abu zai faru da wanda abu ya faɗo masa.

Za su ce, to ina labarin waɗanda suka yi? Akwai biyu da ake yawan kafa hujja da su. A Agustan 2018 Richard Russell, ma'aikacin ƙasa a filin jirgin Seattle, ya sace jirgin Q400 babu fasinja, ya tashi da shi, har ya yi alkafura a sama, ya gaya wa hasumiya cewa ya ɗan taɓa wasannin bidiyo. Gaskiya ne ya ba matuƙa mamaki. Amma bai sauka ba, a wani tsibiri ya faɗi ya rasa ransa, kuma tashi ba shi ne inda gizo ke saƙa ba. A Mayun 2022 kuma Darren Harrison, fasinjan da bai taɓa koyon tuƙi ba, ya sauke jirgi a Florida bayan matuƙi ya sume. Jirgin Cessna ne mai inji ɗaya, da rana tsaka, kuma jami'in da ya jagorance shi malamin tuƙi ne. A320 kuwa yana tunkarar titi da nauyin tan 60 da wani abu, da gudun kusan kilomita 250 a awa, kuma ɗaga hancin da ake yi a kimanin ƙafa 30 daga ƙasa al'amari ne na 'yan daƙiƙu, da ido da hannu ake auna shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, masu tuƙin ɗaki kuwa ba a gwada su ba.

Zan ba su abu ɗaya, don gaskiya ba ta ɓuya. In jirgi lafiyarsa ƙalau, yanayi mai kyau, filin yana da na'urar jagora, wanda ya ƙware a kwamfutar jirgi zai iya saita shi ya sauke kansa, kuma in da ni ne a kujerar baya ranar da matuƙa suka sume, shi zan so ya shiga gaba ba mai ƙarfin hali kawai ba. Amma ka ga sharuɗɗan da na jero? Ba don ranar da komai ke tafiya daidai ake biyan matuƙi albashi ba.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda ake fara karatun daga sama. Ɗalibin Zariya da ƙaramin jirgi yake farawa, irin Diamond mai inji ɗaya, ya koyi kallon sararin da ke gabansa, ya ji yadda fiffike ke rawa in gudu ya yi ƙasa. Kimanin awa 200 ake nema kafin lasisin kasuwanci, 1,500 kafin babban lasisin da ke kai mutum kujerar kyaftin. Shi kuwa ɗan gida ranar farko A380 yake nema, ya tashi, ƙafa ɗari kaɗan ya miƙa wa na'ura tuƙi ya koma kallon layin da ke kan allo. Malaman tuƙi sun daɗe suna kuka da irin waɗannan ɗalibai: sun san sunan kowane maɓalli, amma idonsu ba ya barin agogo ya leƙa taga. Kuma cutar ba ta bar ƙwararru ba. Tun 1997 wani malamin horo a American Airlines, Warren VanderBurgh, ya gargaɗi matuƙa kan dogaro da na'ura fiye da kima. A Yunin 2009 jirgin Air France daga Rio zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228, bayan ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'ura ta saki tuƙi, hannun da ya karɓa ya ja hanci sama har fiffike ya daina ɗaukar jirgin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: laifin ba na manhaja kaɗai ba ne, na mai gaggawa ne. Cessna 172 tana nan a cikin manhajar, ba wanda ya hana shi farawa da ita.

Akwai masu kawo maganar tsaro, su ce ana koya wa 'yan ta'adda. Maharan 11 ga Satumban 2001 makarantun tuƙi na gaske suka shiga a Amurka, da kuɗinsu. Abin da ya toshe wannan ƙofa shi ne ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa da binciken fasinja, ba hana yara kwamfuta ba. Ban ga dalilin daɗewa a nan ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na kuɗi. Kwamfutar da za ta ɗauki sababbin manhajojin nan ba ta talaka ba ce, ga data, ga wutar da ba ta da alƙawari. Amma a auna da kuɗin makarantar tuƙi, wanda ke cin miliyoyin nairori masu yawa, har ya zama sai ɗan mai hali ko wanda gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyi. Manhajar FlightGear kyauta ce. A320 na kwamfuta da 'yan sa kai na FlyByWire suka ƙera kyauta ne. VATSIM ba a biyan ko sisi. Kuma ba kowa ne zai ƙare a kujerar matuƙi ba: akwai hasumiya, akwai tsara tafiyar jirage, akwai injiniyanci, akwai hasashen yanayi, kuma makarantar EAMAC da ke Yamai irin waɗannan ma'aikata take horarwa ga ƙasashen Afirka da dama. Da babu gara ba daɗi, wannan kuwa ya wuce ba daɗi.

Saboda haka kirana ga jihohin da ke tura ɗalibai koyon tuƙi shi ne su daina zaɓe da takardar wane ɗan wane. Kwamfutoci kaɗan da sandunan tuƙi a ɗakin karatu na jiha ko kwalejin kimiyya, da matuƙi mai ritaya da zai riƙa leƙowa yana gyara hannu, sun isa a gane yaron da ke da haƙurin bin jerin ƙa'idoji da wanda rigar kyaftin kawai yake sha'awa, tun kafin a kashe masa kuɗin jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma, maimakon fizge waya, ku tambayi yaron me ya sa jirgi ke tashi yana fuskantar iska. In ya amsa da bayani, karatu yake yi.

Kai kuma ƙanena mai raba dare, ajiye A380 ka koma ƙaramin jirgi, ka kashe na'urar tuƙi ka riƙe sanda da hannunka. Ka haramta wa kanka maɓallin dakatarwa, ka bar yanayi yadda Allah ya kawo shi, in saukarka ba ta daidaita ba ka fasa ka zagayo ko da barci na cin idonka. Kada ka kira kanka matuƙi a gaban kowa. In kuma da gaske kake son aikin, kafin mahaifinka ya sayar da gona, je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi ya duba idonka, da yadda kake bambance launuka, da jinka, da zuciyarka, domin in babu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya babu kamfanin da zai ba ka jirgi.